Shekarar da Muka Jira Dutsen Su

Yau kwana huɗu ke nan fanfon unguwarmu bai kawo ruwa ba. Abin da ya rage a gidan Gwaggo, nan Zango inda nake zaune saboda karatun lise, wato babbar sakandare, tano ɗaya ne, duron ruwa, a tsakar gida, rana tana dukansa tun hantsi. Da la'asar na zura hannu in ɗebi na alwala, saman ruwan ya kusa ƙona ni. Na ƙara zurawa har kafaɗa, sai yatsuna suka taɓo sanyi. Na daɗe a sunkuye haka har Gwaggo ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Habsu, zobe kika jefa a ciki?" Na ce a'a. Ban san yadda zan gaya mata cewa hannuna ya koma tabkin garinmu ba, shekara biyar baya, kuma raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Ƙauyenmu yana ƙasar Guna, tabki ɗaya gare mu, gabas da gari. A bakinsa akwai ƙaton dutse, rabi a ruwa rabi a tudu, muna kiransa Dutsen Su. A jikinsa akwai wata tsaga a kwance, kamar da wuƙa aka ja ta. Tun zamanin kakanni doka ɗaya ce: ba mai jefa koma ko ƙugiya sai ruwa ya ja baya tsagar nan ta fito fili. Ranar da ta fito, Sarkin Ruwa ya aika a yi shela a kasuwa, bayan mako guda a yi su, kowa ya faɗa ruwa rana ɗaya, mu da ƙauyukan kewaye, a kama abin da aka kama. Sarkin Ruwa shi ne Baffa Ilu, yayan Babana. Daga mahaifinsu ya gaji sarautar.

A shekarar da nake magana, abu biyu suka haɗu. Da rani mutanen furoje, masu aikin tallafa wa karkara, sun zo da farar mota, suka sa mazan gari yasar tabkin ana ba su hatsi. Aka haƙa rami mai zurfi daidai gindin dutsen, ƙasar da aka fitar kuma aka tare da ita bakin kwarin da ruwa ke bi ya zurare. Da damina ta faɗi tabki ya cika irin cikar da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba, masu furoje suka dawo da ƴaƴan kifi cikin ledoji, karfasa da tarwaɗa, suka zuba. Sai kuma ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero ke bununi. Da kaka rumbunmu bai kai rabi ba. Duk gidan da ka shiga magana ɗaya ce: a lallaɓa har su. In an yi su za a kyafe kifi, a ci wani, a kai wani Damagaram a musanyo hatsin da zai riƙe mutane lokacin noma.

Shekaruna goma sha biyu. Aikina safe da yamma shi ne ban ruwa a ɗan lambun Inna na salati da tumatir, kafin in tafi lakwal, makarantar boko, da kuma bayan an tashi. Saboda haka ƙafafuna sun fi kowa sanin tabkin nan, ko da yake ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Lokacin ɗari nakan iso ina karkarwa, haƙorana suna haɗuwa, in tarar da tururi yana tashi a kan ruwan kamar tukunyar da aka sauke. In na sa ƙafa sai in ji ɗumi, har ba na son fitowa. Da azahar kuwa, jiki ya sha rana, ruwan nan dai shi ne zai sare ka kamar reza. Kifayen ma sukan yi lakwas. In an watsa musu dusa da safe sai ta yi ta yawo a sama ba mai taɓa ta, sai rana ta ɗaga sannan ka ga bakuna suna fitowa.

Da bazara ta shigo komai ya juye. Da sassafe ruwan yana da ɗan sanyi mai daɗi. Kafin la'asar saman ya zama kamar ruwan wankan jego, amma in na shiga har ƙugu sai in ji cinyoyina cikin zafi, idon sawuna cikin sanyi, kamar mutum biyu aka haɗa. Ruwan ya yi kore shar, saboda dusar da ake zubawa da kashin shanun da ke zuwa sha. Tsagar dutse kuwa tana can ƙasa. A shekarun baya war haka an yi su har an manta.

A gida tuwo ya koma sau ɗaya. Inna takan jiƙa dilo, ƴaƴan itacen hanza, kwana da kwanaki tana sauya masa ruwa don ɗacin ya fita, duk da haka in ka ci sai ya tsaya maka a maƙogwaro. Busasshiyar tafasa da ɗan ƙuli, garin rogo da ruwa ya fi shi yawa. A haka azumi ya same mu, cikin zafin da ko inuwar bishiyar bedi ba ta hana gumi. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Baba yakan dawo daga sharar gona leɓɓansa sun tsage, ya kwanta a zaure ya rufe fuska da jiƙaƙƙen rawani har a kira magariba.

Shi ya sa na yi dabara. Na samo kwalbar roba, na cika ta da ruwan rijiya, na ɗaura mata ɗan dutse da tsohuwar igiyar akuyarmu. In na je ban ruwa sai in hau Dutsen Su in zura ta cikin sabon ramin har igiya ta ƙare, in ɗaure bakin a saiwar da ke gefe. Kafin in gama lambu ta yi sanyi. In naɗe ta cikin gyalena in rugo gida.

Ranar farko Baba ya kurɓa ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, firji kika saya ba mu sani ba?"

Na rufe fuska ina dariya. Ya sha rabi ya miƙa wa Inna.

Wajen kwana biyar da farawa na ji igiyar tana wari. Ba duka ba, kamu ɗaya na can ƙasa kusa da kwalbar, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na yi ƙulli a inda warin ya tsaya. Bayan mako guda ya wuce ƙullin da taƙi biyu. Na yi wani ƙullin, bayan ƴan kwanaki na ƙara na uku. Kuma da asuba, in na iso kafin rana ta fito, sai in tarar da karfasa sun taru a sama, bakuna a buɗe suna haɗiyar iska, da yawansu har ruwan yana ƙara kamar ana yayyafi. Ko na jefa tsakuwa ba sa gudu sosai. Rana tana fitowa sai su nutse, wanda ya zo da hantsi ba zai ga komai ba.

Na fara gaya wa Inna tana tankaɗe. Ni ce ƴar fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika kallon fuskata in ina magana ba.

"Inna, igiyar nan tana wari."

"To ki wanke ta mana."

"Ba igiyar ba ce. Ƙasan ruwan ne ya ruɓe, kuma yana hawowa sama. Kifayen ba sa iya zama a can."

"Ke kika shiga kika gano?" Ta buga rariya a tafin hannu. "Maganar ruwa ta maza ce. Ga Babanki nan, baki gare ki."

Kwana uku ina ɗauke da maganar. Kullum in shirya ta a hanya, in na durƙusa gabansa da kwalba sai ta gudu, in ce, "Ga ruwa," in tashi. Nakan koma bayan ɗaki in ciji yatsa don haushin kaina. A rana ta huɗu sai na ajiye masa igiyar a kan tabarma. Ya ɗauka ya sansana, ya kawar da kai. Sannan na nuna masa ƙullin farko da na biyu da na uku, muryata tana rawa, na gaya masa na asuba.

Washegari bayan sallar asuba ya biyo ni. Ya tsaya a kan dutse yana kallon bakunan nan har rana ta fito. Da yamma ya ce in ɗauko igiyar mu je gidan Baffa.

Mun tarar da Baffa Ilu a ƙofar gida da dattawa biyu, suna jiran magariba. Baba ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ni na tsuguna a bayansa.

"Yaya, da ma wata ƴar magana ce a kan tabki. Kifin nan kamar yana cikin wahala. Ko da za a duba a yi su kafin ruwa ya sauka."

"Tsaga ta fito?"

"Da saura yatsa huɗu."

"To."

"Ai bana tabkin ba irin na da ba ne, Yaya. An tare bakin kwari, an yi rami. Yarinyar nan ta lura da..."

"Wace yarinya?" Baffa ya leƙo ta gefen kafaɗar Baba. "Au, Habsu ce? Wannan da ko gaisuwa sai an sa kunne? Taso, malamar ruwa, me kifi ya gaya miki?"

Dattawan suka yi dariya. Na miƙa igiyar, kaina a ƙasa. Ya karɓa da yatsa biyu.

"Igiyar akuya ce. Yaushe igiyar akuya ta yi ƙanshi?"

Suka sake fashewa. Ni kuwa duk abin da na sani yana nan cikin bakina, ƙulli uku, sanyin ƙasa, bakunan asuba, amma harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Baffa ya daina dariya ya juya ga Baba. "Kai ma ka biye mata? In na buɗe ruwa tsaga ba ta fito ba, gobe wa zai sake jiran ta? Kowa ya ji yunwa ya ɗauko koma. Mutanen ƙauyuka su ce mun ci mu kaɗai. Babanmu bai taɓa yi ba, ni ba zan fara ba. Kifi yana cikin ruwa, ina za shi? Bayan Salla ta fito, in Allah ya so."

Baba ya ce, "Haka ne, Yaya." Muka taso.

Daga ranar na koma auna tsagar da yatsuna. Huɗu. Uku da rabi. Uku. Zafi ya ƙaru, iska ta tsaya cak, da rana ko tsuntsu ba ya kuka. Hadari yakan taru a gabas ya yi baƙi ya watse. Kowa yana roƙon ruwa, ni kaɗai nake kallon gabas gabana yana faɗuwa, ina jin kunyar abin da nake roƙo a zuciyata. Aka yi Salla da tuwon dawar da aka auno daga kasuwa. Saura yatsa biyu.

Kwana uku bayan Salla, da la'asar sakaliya, iska ta taso daga gabas mai sanyi kamar daga bakin rijiya. Ta kwashe danni, ta kayar da zana. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya, da ƙanƙara tana buga kwanon masallaci. Ƙannena suka fita tsirara suna tsintar ta suna sa wa a baki. Inna tana ta tara ƙore da tukwane tana hamdala. Ƙanshin ƙasa ya cika gari. Kafin magariba Baba ya fito da iri yana gyara ƙotar sungumi, don ruwan shuka ne, kuma ba a barin laimar farko ta wuce.

Da asuba gari ya watse gona, maza da mata. Ni aka bari in kai awaki bakin ruwa in biyo su. Tun kafin in hango tabkin warin ya tare ni, warin igiyata, amma yanzu ya cika fili duka. Ruwan da na bari kore ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan toka. Na shiga har ƙugu. Daga cinyata har tafin ƙafa ɗaya ne, babu zafin sama, babu sanyin ƙasa. Sannan na duba da kyau. Abin da na ɗauka kumfa ne a bakin gaɓa, cikin karfasa ne, fari fat, an jera su har inda ido ya tsaya. Wasu suna juyi a hankali, suna buɗe baki. Tarwaɗa kawai ke ta fantsama a tsakaninsu, su da ke iya shan iska a sama. Tsagar dutse kuwa ruwa ya sake haɗiye ta.

Ban taɓa yin ihu irin na ranar ba. Na bar awaki na bi gonaki da gudu ina cewa, "Kifi! Kifi ya mutu! Ku zo!" Mutane suka ɗago da sungumi a hannu suna kallona kamar ba su san ni ba. Sai aka tsaya ana ja-in-ja. In an bar shuka laima ta tafi, in an bar kifi rana ta ɗaga ya ruɓe. Wasu kuma suna cewa ai Sarkin Ruwa bai buɗe ba. Sai da aka aika gonar Baffa, can yamma da gari, aka jira ya zo ya tsaya ya gani da idonsa, ya ce a kwasa. Lokacin hantsi ya yi.

Mata muka shiga da ƙore da kwanduna da zannuwa. Muna feɗewa a bakin ruwa, ƙuda sun yi mana baƙi a hannu. Da aka zo kyafewa sai babu busasshen ice a garin, ruwan jiya ya jiƙa komai, kara da kashin shanu duka. Wuta sai hayaƙi take, ido yana zubar da hawaye. Gishirin gari ya ƙare kafin azahar. Wanda muka shanya a kan zana, kafin la'asar cikinsa ya kumbura. Da yamma maza suka haƙa rami bayan lambuna aka tura sauran da shebur, shaho da angulu suna kewaya sama. Gidanmu kwando ɗaya da rabi muka tsira da shi, daga kifin da aka yi wata tara ana jira.

Sai bara, a aji, mushe, wato malamin da ke koya mana ilmin halittu, ya zana tabki a allo ya raba shi hawa biyu. Ya ce ruwan zafi ba shi da nauyi, sama yake zama ya rufe na sanyi, iskar da kifi ke shaƙa ba ta isa ƙasa, abin da ya ruɓe a can ya cinye wadda ta rage. In ruwan sama mai sanyi ya faɗo da guguwa, na saman ya yi nauyi ya nutse, na ƙasan ya taso, tabki ya juye gaba ɗaya. Ya ce a ƙasashen da ake dusar ƙanƙara tabkuna sau biyu suke juyewa a shekara, shigar sanyi da fitarsa, a hankali, har saman ya daskare kifi yana zaune lafiya a ƙasa. Namu kuwa rana ce ke dafa saman kullum, dare ya ɗan huce shi, sai hadari ɗaya ya birkita komai cikin awa guda. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa gani. Na bar hannuna a kan tebur. Ƴar kusa da ni ta ce, "Lafiya kike huci?"

Amma a garinmu ba haka aka yanke ba. Kwana biyu bayan abin, Baffa ya tara mutane a gindin bedi bayan la'asar. Mu mata muna daga bayan danni muna ji. Wani ya ce ƙanƙara ce ta buge su. Wani ya ce irin kifin furoje ne ba shi da ƙwari. Sai Baffa ya yi gyaran murya ya ce shi dai tun tasowarsa bai taɓa ganin ruwa ya yi haka ba, kuma bai taɓa ganin ana hawa Dutsen Su ana zura abu cikin ruwa kullum ana tayar da abin da ke kwance ba, sai bana. Bai kira suna ba. Matan da ke kusa da ni suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Inna ta gyara lulluɓi ta dubi ƙasa. Baffa ya ce daga yau ba yarinyar da za ta sake hawa dutsen nan. Na leƙa ta ramin danni na hango Baba a bakin tabarma, yana jan layi a ƙasa da tsinke. Na jira. Aka shafa fatiha aka tashi.

Washegari da sassafe ina bayan ɗaki ina sake gasa kifin da ya rage, don ya fara laushi saboda raɓa. Na ji takun Baba. Ya tsaya a kaina da sungumi a kafaɗa, ya daɗe, sannan ya tsuguna ya tura wani guntun kara cikin wutar.

"Na san ba kwalbarki ba ce," in ji shi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, kuma muryar ba ta yi rawa ba.

"To, Baba, don me ba ka faɗa a can ba?"

Ya dubi wutar. Ya dubi kwandon. Hayaƙi ya bi ta fuskarsa bai kawar da kai ba.

"Yayana ne, Uwata."

Ya miƙe ya ce akwai sauran shuka a gonar tudu, in na gama in biyo shi da iri. Na juya kifin. Gefen da ke kan wuta ya riga ya ƙone.